Yadda naira biyar ta tona min asiri

Wallahi har yanzu in na tuna sai na ji zufa. Ran Juma'a na je gaida baban mutuniyar, kun dai san tsohon, a koyar da Hausa ya yi ritaya, ni kuma na ce bari in nuna masa ba ƙwallo kaɗai na sani ba.

Da farko hira ta yi daɗi. Na ce Baba ni fa littafin Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ba ya isa ta, Malam Zurƙe ɗan Muhamman kaɗai ya ishe ni dariyar shekara, ya gyaɗa kai. Na ce Ganɗoki kuwa cika bakin ya yi yawa, ya ce to ai Bello Kagara da ya rubuta shi yayan Abubakar Imam ne, na ce ashe! Da a nan na tsaya da na tsira da mutuncina, amma ina, baki shi ke yanka wuya. Sai na ce shi kuwa Shaihu Umar barci yake sa ni, ba abin dariya ko ɗaya, daga an sace yaro sai uwa ta bi sawu ita ma ta faɗa bauta, wanda ya rubuta shi da gani wani malamin ƙauye ne da bai taɓa zuwa ko'ina ba.

Carbin Baba ya tsaya cak. Ya kira ƙanenta ya ce shiga gida ka samo min naira biyar. Ni har na zaci sadaka zai bayar. To yanzu wa ke ajiye naira biyar? Aka yi ta nema har maƙwabta, ni ina durƙushe ƙafa ta yi tsami, Baba bai ce uffan ba, sai can aka kawo wata duk ta yamutse. Ya warware ta a hankali ya miƙo min ya ce ɗana wane ne wannan? Na ce Tafawa Ɓalewa ne Baba. Ya ce to ga malamin ƙauyen naka, a 1934 aka buga littafinsa, gasa ɗaya suka shiga da Ruwan Bagajan naka, kuma wanda bai je ko'ina ba shi ya yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1960.

Na fara cewa ai kwafin da muka karanta a aji ba shi da bango, muryar ma ta ƙi fita.

Amma wanda ya fi ƙona min rai yaron nan ne. Yaron da nake sa wa data duk sati, ni na gyara masa gilashin waya da kuɗina, shi ne ya kwanta a tabarma yana dariya har da buga ƙafa, kafin in kai bakin titi ya gama shelanta wa 'yan gidan. Yanzu ko ita in ta kira sai ta ce ranka ya daɗe Firayim Minista. Jiya ma ya turo min wai datarsa ta ƙare, ban ko buɗe ba.

Biyar ɗin tana aljihuna, Baba ya ce in riƙe. Littafin kuma har gobe barci yake sa ni.