Masu shan gaban mai ɗaukar hoto a daji

Ka kwashe awa guda kana dakon damisa ta sauko daga bishiya, ka saita saurin ɗaukar kyamara a 1/1000 na daƙiƙa, kwatsam sai wata motar 'yan yawon buɗe ido ta sha gabanka, ga ƙura ga surutu. Kafin ka ankara damisa ta shige ciyawa. A Masai Mara, gandun namun daji na ƙasar Kenya, daga Yuli zuwa Oktoba, abin ya fi muni a bakin kogi.

Faɗa ba ya maganin komai. Direbanka ya matsa gefe ya kashe inji, don girgizarsa na ɓata hoton dogon gilashin kyamara na 400mm mai jawo nesa. Buɗe ƙofar hasken gilashin zuwa f/5.6, motocin baya su dusashe. Kada ka kuskura ka sauya gilashi cikin ƙurar nan, sauran hotunanka duk ɗige-ɗige za su fito.