Bashin da jarumin Chaina yake biya da ransa

Duk wanda ya taso yana kallon finafinan Chaina na dā, a sinima ko a kaset, ya san yadda ake taƙaita su cikin raha: an kashe malami, ɗalibi ya shiga daji ya sha atisaye, ya dawo ya karya bos. Da yawa a nan suka tsaya, suna ganin babu komai ciki sai duka da ihu. A ganina an yi wa finafinan nan gajeren hukunci. Waɗanda suka fi ƙarfi a cikinsu labarin mutumin da ake bi bashi ne, kuma ya san biyan zai iya cinye shi.

A 1967 kamfanin Shaw Brothers na Hong Kong ya fitar da One-Armed Swordsman, wanda Chang Cheh ya ba da umarni, Jimmy Wang Yu ya fito a jarumi. Shi ne fim na farko a can da ya tara dalar Hong Kong miliyan 1. Uban jarumin bara ne, ya mutu yana kare maigidansa, sai maigidan ya ɗauki maraya ya riƙe shi, ya koya masa takobi. 'Yar maigidan ce da kanta ta sare wa yaron hannun dama. Da ramuwar gayya ce kawai ke tuƙa labarin, ai a kanta za ta sauka. Bai taɓa ta ba, har ma ya cece ta daga hannun abokan gaba. Da guntun takobin mahaifinsa da wani littafi da wuta ta ci rabinsa ya koyi faɗa da hagu, ya koma ya tsamo mutumin da ya raine shi daga halaka, sannan ya juya baya ya tafi noma. Riƙon da aka yi masa ya fi masa nauyi a kan hannun da aka raba shi da shi. Bahaushen da ya san haƙƙin wanda ya ci gishirin gidansa ba ya buƙatar a yi masa tafsirin wannan.

Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, jarumin yana ɗaukar doka a hannu ne a inda babu alƙalin da za a kai wa ƙara. A Fist of Fury na 1972, Bruce Lee ya fito a matsayin Chen Zhen, ɗalibin Huo Yuanjia. Huo mutum ne na gaske, ya rasu a Shanghai a 1910, lokacin da baƙi ke riƙe da manyan unguwannin birnin da 'yan sandansu da dokokinsu. A fim ɗin, guba aka ba shi da sa hannun wata makarantar faɗa ta Japanawa. Wa Chen zai kai wa kuka? Ya kashe waɗanda suka aikata, amma fim ɗin bai bar shi ya koma gida ya yi aure ba. Ya miƙa wuya don a ƙyale makarantar malaminsa, ya fito ya tarar da bindigogi a jere.

Chang Cheh ya ƙara zurfafawa a The Blood Brothers na 1973, wanda ya ɗauko daga kisan gwamna Ma Xinyi a Nanjing a 1870. Mutum uku sun yi rantsuwar 'yan'uwantaka, ɗaya ya samu mulki, ya sa aka kashe na biyu saboda matarsa, na uku ya soke shi, aka yanke masa hukuncin kisa. Babu wanda ya tsira a cikinsu. Mai neman fim ya koya masa daɗin ramuwa ba zai samu a nan ba.

Ba zan wanke Chang Cheh tas ba. Yana son jini fiye da kima, mata a finafinansa sau da yawa ko dai sanadin fitina ne ko 'yan rakiya, kuma yaran bos ana zubar da su kamar ba uwa ce ta haife su ba. Shi ya sa na fi karkata ga Lau Kar-leung, wanda ya daɗe yana tsara wa Chang faɗa kafin ya kama gabansa. Shi ɗan gado ne: mahaifinsa ɗalibin Lam Sai-wing ne, shi kuma Lam ɗalibin shahararren malamin faɗa Wong Fei-hung. A fim ɗinsa The 36th Chamber of Shaolin na 1978, sojojin daular Qing sun kashe wa jarumin malami da dangi, ya gudu gidan ibada na Shaolin, inda ake koyar da faɗa, da niyyar ramawa. Sai Lau ya ba da tsakiyar fim ɗin gaba ɗaya ga ɗaukar ruwa da buga ƙararrawa da horon ido, ɗaki bayan ɗaki har 35. Da jarumin, wanda Gordon Liu ya fito a matsayinsa, ya gama, abin da ya roƙi manyan gidan shi ne a buɗe ɗaki na 36 don a koya wa talakawan da ke waje. Janar ɗin da ya yi masa ɓarna ya faɗi a hannunsa daga baya, amma gumurzun bai ci ko kusa da lokacin da aka ba wa horon ba.