Abin da ya fasa tafkin Lhonak

Wasu rahotanni sun ɗora laifin ambaliyar da ta afka wa jihar Sikkim ta ƙasar Indiya a Oktoban 2023 kan ruwan sama, alhali matsalar tana cikin yadda tafkin Lhonak ta Kudu ya samu. Ƙanƙarar da ke gangarowa daga tsauni tana kwarzar ƙasa, ta haƙa kwari, ta tura yashi da tsakuwa da manyan duwatsu gabanta. Idan ɗumi ya sa ta ja da baya, ruwan da ya narke sai ya taru a ramin, tulin tarkacen ya tare shi. To tulin nan ba siminti ba ne, sau da yawa ma akwai ƙanƙara binne a cikinsa. Tana narkewa, yana zaftarewa. A Lhonak gefen tulin ne ya rufta cikin tafkin, igiyar ruwa ta haure baki ta yanke shi, ta bi kogin Teesta har ta rushe madatsar lantarki ta Chungthang.

Rage ruwan yana taimakawa: a 2016 sojojin Nepal sun haƙa magudana a tafkin Imja, suka sauke shi da mita 3.4. Amma dole a haɗa da na'urar gargaɗi a garuruwan gangare, domin cikin dare ruwan Lhonak ya iso musu.