Tsufa a Legas: tabarmar Baba ta rage mutane

Akwai wani dattijo da nake gaisarwa kullum bayan sallar Magariba a Zangon Agege. Ya zo Legas yana saurayi, tun tana babban birnin ƙasa kafin a koma Abuja a 1991, ya yi dako, ya yi dillancin goro, har ya zama shi ne mai saukar da baƙi daga Arewa. A da sai an yi layi kafin a samu hannunsa. Yanzu mutum biyu ne a tabarmarsa, wata rana ma shi kaɗai da rediyonsa.

A ganina, yawancin abin da muke kira zumunci a garin nan zumuncin sana'a ne. Bahaushen da ya sauka a Mile 12 ko Idi-Araba ko Obalende, da wanda ya ba shi makwanci, da wanda ya ranta masa jari, da waɗanda suke zubin adashi tare, duk kasuwa ce ta haɗa su. Ba na raina wannan, domin shi ya rufa wa dubban mutane asiri. Sai dai ranar da gwiwa ta ƙi, mutum ya daina fita, igiyar kan fara saki a hankali, musamman a garin da cunkoson motoci ke mayar da ziyarar gaisuwa tafiyar yini guda.

Mukan ce ai in ƙarfi ya ƙare sai ya koma gida. Wane gidan? Ya shekara arba'in yana aika kuɗi, amma kuɗi ba sa zama a majalisa a madadin mai su. An raba gonar gado, sa'o'insa sun ƙare, yaran unguwa ba su san shi ba sai a labari. 'Ya'yansa kuwa haihuwar Agege ne, Yarabanci ya zauna a bakinsu, kuma ba za su bi shi ƙauyen da suka sani a lokacin Sallah kawai ba.

Iyayenmu mata sun fi mu dabara a nan. Yawon biki da suna da barka da muke yi musu gori a kai, da makarantar Islamiyya, su ne ke sa tsohuwa ba ta kwana biyu ba a leƙo ta ba.

Ɗan dako da ɗan tireda ba su da fansho. Gwamnati ta ƙaddamar da tsarin fansho na masu sana'ar hannu a 2019, amma ban taɓa jin an tayar da zancensa a majalisarmu ba. Abin da na tabbata shi ne, ranar da Baba ya cika, cikin sa'a guda za mu haɗa kuɗin likkafani, sahu ya fito har titi.

Makon jiya ya miƙo mini wata takarda ya ce, "Ɗana, duba mini, nawa maganin hawan jinin nan ya koma?" Da na duba kwanan watan da ke jikinta, sai na ga tun kafin azumi likita ya rubuta ta.