Mu Ba Masu Zanenmu Bango a Unguwa

'Yan uwana matasa, musamman ku da ke riƙe da ƙungiyoyin ci gaban unguwa, ku ɗan zagaya layinku ku dubi bangayen da kuke wucewa kullum. Katangar makarantar firamare, jikin tankin ruwa, bangon asibitin sha-ka-tafi, ƙofar shiga kasuwa. Me ke kansu? Fostar ɗan takarar da aka gama zaɓensa tuntuni, tallar maganin basir da lambar waya, sai "ba a fitsari a nan" da gawayi. A wannan layin kuma akwai yaron da in ya riƙe fensir sai ka tsaya kallo, akwai yarinyar da ke zana fure da lalle kamar na'ura ta buga, akwai almajirin da ya ƙware a zayyanar allo. Aikinsu yana cikin waya ko ƙarƙashin katifa. Mu ne ba mu ba su wuri ba.

Kada wani ya ce muku wannan baƙon abu ne. Ƙawata bango a bainar jama'a gadonmu ne. Wanda ya taɓa tsayawa gaban ƙofar Fadar Zazzau ya ga yadda dagi da sauran zane ke hawa bango da launi iri-iri. Haka gidajen unguwar Birni a Damagaram, haka tsofaffin zaurukan cikin birnin Kano. Magini yakan fitar da adon nan ne tun yumɓu na ɗanye, kuma a fuskar gida yake yinsa, ta wajen titi, domin mai wucewa ya gani. Attajirin da ya biya bai ɓoye shi a turaka ba. Har gobe ana kiran sunan Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, saboda aikinsa yana tsaye inda kowa ke shiga. Da siminti ya zo, sai muka shafe fuskokin gidaje suka zama fayau, hannun da ya iya adon kuma ya rasa mai kiransa.

Ba kuma ƙarancin gwanaye ne ke damunmu ba. A Zariya ne ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Demas Nwoko suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a 1958, kuma sashen koyar da zane na Jami'ar Ahmadu Bello yana yaye ɗalibai duk shekara. To ina ayyukansu suke ƙarewa? Mafi yawa a Legas da Abuja, a ɗakunan baje koli da talakan Tudun Wada ko Fagge ba zai taɓa leƙawa ba. Ku tuna Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20. Ta iya ginin tukunya tun tana ƙauyensu, amma sai da aka ga tukwanenta a gidan Sarkin Abuja, wato Suleja ta yau, sannan hanya ta buɗe mata, ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta garin a 1954. Gani ne ya fara. Gwanin da ba a ga aikinsa ba, ba mai ɗaukarsa aiki, ba mai koyo a wurinsa.

Na san abin da ke ran wasunku: batun zana abu mai rai. Damuwa ce ta gaskiya, kuma ban yarda a yi wa mai ita dariya ba. Amma ku duba abin da kakanninmu suka yi. Dagi, takobi, fure, tauraro, layukan da ke saƙe da juna irin na aska takwas a babbar riga, rubutun ajami mai kyau, ganuwa da ƙofofinta, Dutsen Dala, rukunin karofi a Ƙofar Mata. Wannan fili ne mai faɗi da mai zane zai shekara yana aiki bai taɓa abin da zai raba kan unguwa ba. Abu ɗaya nake roƙo: kada a rubuta ayar Alƙur'ani a bangon da ke bakin kwata ko inda ake zubar da shara. Wurinta daban ne.

Yanzu ga inda nake so ku fi saurare na. In za ku yi, ku yi shi da mutunci. Ku fara da sallama wurin mai unguwa da mai bangon, in makaranta ce ku ga hedimasta, a nuna musu zanen a takarda kafin a buɗe gwangwanin fenti. Sannan ku biya mai zanen. Wannan ɗabi'ar ta "yi mana don Allah, ai za ka yi suna" ita ce ke kashe sana'a. Muna karo-karo mu sayi rigar ƙwallo da kofi, muna haɗa kuɗin kiɗa ranar biki, amma in aka zo kan wanda zai yini a rana bisa tsani, sai a ce ya yi haƙuri. Fenti da buroshi kuɗi ne, wunin da ya bar shagonsa ma kuɗi ne. In abin da kuka tara kaɗan ne, ku faɗa masa gaskiya tun farko, ku rage girman aikin. Kuma a bar shi ya sa sunansa a gefe, ƙarami amma a fili, domin ta nan ne mai shago ko mai sabon gida zai neme shi. Wanda ya ɗauki hoton aikin ya sa a Facebook ko TikTok, shi ma ya ambaci mai shi.

'Yan matanmu fa? Da yawa ba za su hau tsani a bakin titi ba, kuma ba sai sun hau ba. Ɗakin karatu na unguwa, ɗakin taro, barandar Islamiyya ranar saukar karatu, duk wurare ne da za a rataye zanensu da saƙarsu da ɗinkin hularsu na mako guda, da suna da farashi a jiki. A Gidan Tarihi na Boubou Hama da ke Yamai, masu sana'ar hannu suna zaune suna aiki a harabar, baƙo na kallo yana saye. Ba abin da zai hana a yi ƙaramin irinsa a filin makaranta ranar Asabar.

Ku kuma masu zane, kada ku jira a zo a same ku a ɗaki. Ku ɗauki ayyukanku uku ko huɗu ku je taron ƙungiya ku nuna. In an ba ku bango, ku kankare shi, ku sa farin shafe na ƙasa, ku yi amfani da fentin da ke jure ruwa da rana, don aikin da ya ɓare bayan damina ɗaya sunanku zai ɓata. Ku ɗauki yaro ɗaya ko biyu na layin su riƙa miƙo muku kaya suna koyo.

Kafin a tashi daga taron da za a yanke shawarar, a naɗa mutum biyu da za su kula da bangon, a ware ɗan abin gyara bayan damina, a kuma sanar da masu liƙa fosta tun kafin kakar siyasa ta kama cewa wannan bangon an riga an ba shi mai shi.