Kashi 98 cikin ɗari ba shi ne labarin ba

Duk muhawarar da ta tashi kan kamannin mutum da dabbobi, lamba ɗaya ake jifan juna da ita: kashi 98 cikin ɗari. Tun 2005 da aka fitar da jerin DNA (sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado) na birin cimfanzi, aka ga cewa a wuraren da za a iya jera shi da na mutum, bambancin bai kai kashi 2 ba. Wasu su yi ta murna, wasu su harzuƙa. A ganina, duka ɓangarorin sun bar jaki suna dukan taiki.

Amfanin wannan ilimi yana cikin bin ƙwayoyin gado ɗaya bayan ɗaya, a ga wacce ce takwarar wacce. A 1995, ɗakin binciken Walter Gehring a Basel ta Suwizalan ya ɗauki ƙwayar gadon da ke ba da umarnin gina ido a jikin ɓera, ya kunna ta a jikin ɗan ƙaramin ƙuda. Ido ya fito a inda ba a saba gani ba, kuma idon ƙuda ne, ba na ɓera ba. Umarnin ɗaya ne, kowane jiki da kayan gininsa. A 2015 kuma, masana a Jami'ar Texas da ke Austin suka cire ƙwayoyin gado 414 da yis, irin wanda ke kumbura burodi, ba ya rayuwa sai da su, suka maye kowace da takwararta ta mutum. Kusan rabi suka yi aiki.

Wannan dangantakar ce ta sa masu ciwon suga suka shafe shekaru da dama suna amfani da insulin na alade da na shanu, kafin a fara haɗa irin na mutum.

Sai dai kama da wane ba wane ba ne. Ƙwayoyin gadon alfa da beta, wato ɓangarori biyu na sinadarin jan jini, tushensu ɗaya, amma sikila, da ta addabi gidaje da yawa a Najeriya, daga beta kaɗai take fitowa. Ɓera ma yana da nasa irin waɗannan ƙwayoyin gado, amma ba ya sikila. Sai da masana a 1997 suka cire nasa suka dasa masa na mutum mai sikila, sannan aka samu ɓeran da cutar ke kamawa sosai, wanda za a gwada magani a kansa.