Bayanin kayan aikin AI ba ado ba ne

Akwai maganar da na gaji da ji a bakin masu rubuta manhaja: wai in wakilin ƙirƙirarriyar basira (AI), wato manhajar da ke yi wa mutum aiki ta hanyar kiran wasu ƙananan shirye-shirye da ake ce wa kayan aiki, ya ɗauki kayan aikin da bai dace ba, laifin kwanyarsa ne, sai a nemo wanda ya fi shi wayo. Bayanin da aka rubuta wa kayan aikin kuwa, suna ganin na mutane ne kawai. Akwai dalilin wannan tunani, domin a shirye-shiryen kwamfuta na da, injin ba ya karanta bayanan gefe da marubucin shirin ke bar wa mutane.

A nan abin ya sha bamban. A tsarin MCP, wato ƙa'idar haɗa AI da kayan aiki da kamfanin Anthropic ya fitar a Nuwamban 2024, abin da wakilin ke gani shi ne sunan kayan aikin, bayaninsa, da jerin abubuwan da zai cike. Ba ya ganin ainihin shirin kwamfutar da ke cikin kayan aikin. Da wannan ɗan rubutun yake yanke shawara.

Misali, kayan aikin duba ranar tafiya, bayaninsa ya ce kawai "saka kwanan wata". Wakilin ya rubuta 03/04. A Amurka 4 ga Maris ke nan, a wurinmu 3 ga Afrilu. Ba a faɗa masa ba, to ya zai sani?

Shi ya sa ba a auna ingancin bayani da daɗin karantawa. Ana ba wakilin ayyuka iri-iri, a duba ko ya zaɓi kayan da ya dace, ko ya cike gurabe daidai, sannan a gyara jimlar da ta ruɗe shi a sake gwadawa.